'Yar'uwar da Ba Gida Ɗaya Ba

Purworejo, Fabrairu 2009

Zuwa ga Wening,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda rabonta da ke tun kina da giɓi a gaba, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ni dai alhamdu lillahi, ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan ruwan sama kafin rediyo ya sanar.

Na san za ki juya ambulan ki ce wace ce kuma Tumirah. Kakarki ta wajen uwa da mahaifiyata ciki ɗaya suka fito, ni kuma na girmi marigayiya mahaifiyarki, don haka Budhe za ki ce da ni, wato babbar inna. Ni ce wadda ta yi aikin gidan waya har ta yi ritaya, wadda ta tsefe miki kai ranar sadakar arba'in ɗin mahaifiyarki kina ta kokawa da ni.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar Talata wayar falona ta yi ƙara. Tun rasuwar mijina, Pakdhenki, wayar nan ba ta ƙara sai in wani ya yi kuskuren lamba, har na ɗora mata ƙyallen ado. Na ɗauka sai na ji wani mutum mai murya kamar an taka masa ƙafa, ya ce sunansa Pak Darmaji, daga banki, wai ni ce 'yar'uwar Wening da ba gida ɗaya muke ba? Na ce masa ai 'yan'uwana duka ba gida ɗaya muke ba, ni kaɗai ce a gidan sai kyanwa. Ya ce haka aka rubuta a takardar neman katinki, akwai gurbin da ake sa ɗan'uwan da ba gida ɗaya kuke ba, kuma sunana ne a wurin. Ya ce ana bin ki kuɗi, kin daina ɗaukar waya, in gaya miki ki biya. Na ce ta yaya zan gaya wa wadda ban san inda take ba? Shi ya karanto mini adireshinki, na sa ya maimaita, don mutanen yanzu ba su iya faɗin lambar unguwa ba.

Nduk, 'yata, ba faɗa na zo yi ba, tambayoyi ne suka hana ni sakat. Wane irin kati ne wannan da ake ci bashi da shi? Na san katin fansho, na san katin asibiti. Ya ce gogawa ake yi. Mu nan abin da muke gogawa tsohon kwabo ne da mai a bayan wanda iska ta shiga, wato mai mura da ciwon jiki, har bayan ya yi jajawur. Shi katin a jikin me ake goga shi? Wa ke tsaye a wurin yana ba ki kuɗin? In babu mutum, wa kike jin kunya in ba ki biya ba?

Babbar tambayata kuma ita ce, duk dangin nan namu da suka cika Cilacap da Kebumen, me ya sa ni? Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini daɗi. Na kwana biyu ina jin kaina, har na gaya wa kyanwa.

Ki ba ni amsa a takarda. Na sa miki kan sarki a ciki don kada ki ce ba ki samu ba.

Taki,
Budhe Tumirah


Jakarta, Maris 2009

Budhe,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, Allah ya ba gwiwa lafiya. Na tuna ki, kuma na tuna tsifar, har yanzu ban yafe ba.

Da na karanta takardarki kunya ta rufe ni har na kasa cin abinci. Ki yi haƙuri da suka dame ki. Ba ki ci bashin kowa ba, ba ki tsaya wa kowa ba, sunanki kawai ke wurin don in an neme ni an rasa. In ya sake kira ki ajiye wayar.

Katin roba ne, kamar katin shaida. A kanti akwai 'yar na'ura mai tsaga, sai a goga shi a ciki, takarda ta fito ki sa hannu, ki ɗauki kayanki ki tafi. Babu wanda ke ba ki kuɗi, babu wanda ke kallonki, shi ya sa hannu ba ya rawa. Ƙarshen wata banki ya aiko da jimla, a ƙasa kuma ya rubuta wani ɗan adadi kaɗan, ya ce ko wannan kika biya ya isa. Ni kuwa na ɗauka da gaske ya isa. Shekara biyu ina biyan ƙaramin, babban yana can yana ƙiba da kuɗin ruwa.

Da takalmi na fara, Budhe. Ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani kamfanin shirya tafiye-tafiye, ana son a gan ka tsaf. Daga takalmi sai waya, sai tsarabar Sallah, sai firjin da na saya wa Baba don matarsa ta daina yi mini kallon wadda Jakarta ba ta karɓa ba. Katin ya zama biyu. Yanzu bashin duka biyun rupiya miliyan talatin da biyu ne, albashina kuma bai kai huɗu ba.

Ina fama da shi, zan san yadda na yi. Abu ɗaya nake tsoro, kada su zo mini wurin aiki. Shugabarmu ba ta son hayaniya a gaban baƙi, in na rasa aikin nan kuma ban san da me zan biya ko ƙaramin ba. Don Allah kada Baba ya ji.

'Yarki,
Wening


Purworejo, Afrilu 2009

Nduk Wening,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, rubutunki irin na mahaifiyarki ne, yana kwanciya gefe kamar shinkafar da iska ta kaɗa. Gwiwa da sauƙi. Kyanwa ta haifi uku a cikin kwandon wanki.

Kin ce in ajiye waya. Na gwada, hannuna ya ƙi. Mutum ya kira tun daga Jakarta da kuɗinsa, ka ajiye masa waya? Yanzu Pak Darmaji kusan kullum sai ya kira da hantsi. Da ihu yake farawa, sai in bar shi ya gama, sannan in tambaye shi ko ya karya. Ashe ɗan Tegal ne, 'ya'yansa biyu, yana fama da gyambon ciki, kuma ba banki ne ya ɗauke shi aiki ba, wani kamfani ne da banki ya ba kwangilar karɓo bashi. Sai ya karɓo ake ba shi kasonsa. Na tambaye shi ko ihun ma koya musu ake yi, ya ce e, har da gwaji. Na ce ya riƙa shan ruwan kurkum da zuma.

To ga abin da ya faranta mini rai. Na matsa masa ya gaya mini me kika saya haka, sai ya karanto mini. Takalmin yana nan, firjin yana nan, amma daga bara kusan duk wata abu ɗaya ne: shagon zinariya, shagon zinariya, shagon zinariya. Nduk, me ya sa kika ɓoye mini? Na yi ta dariya ni kaɗai. Na ce jinin gidanmu ba ya ɓata. Kakarki ko kaji ta sayar sai ta mai da kuɗin ɗan kunne, ni ma abin da na tara a gidan waya yana nan a hannuna, awarwaro shida. Macen da ta sayi zinariya ba ta yi ɓarna ba, ajiya ta yi. Kuskurenki ɗaya, da kuɗin ruwa kika saya. Amma zinariya ta tashi bana, na tambaya a kasuwa. Ki kwashe ta ki kai, ki biya mutanen nan ki huta, in ma da rabo ki ga canji.

Na kuwa gaya wa Pak Darmaji haka. Na ce masa ya daina yi wa yarinyar mutane kallon matsiyaciya, tana da zinariya a ajiye, ni Tumirah na faɗa, kuma duk aikina a gidan waya ba a taɓa kama ni da ƙarya ba. Na ce maimakon ya yi ta ɓata kuɗin waya, ya je ya same ki ido da ido ku yi magana irin ta mutane. Ya yi godiya sosai. Kin ga ai na rage miki aiki.

Ba ki amsa mini tambayata ba. Me ya sa ni?

Budhenki


Purworejo, Yuni 2009

Nduk,

Ina gaisuwa. Ban san ko lafiya kike ba, shi ya sa ban san me zan yi fata ba sai lafiyar. Takardata ta Afrilu ba ta dawo ba, ke nan ta isa. Na je gidan waya na sa yaran sun duba mini, don na san yadda ake jefa buhu a lungu a manta. Babu komai. Pak Darmaji ma ya ɗauke ƙafa, wayar ta koma shiru, ni kuma shirun nan bai yi mini ba.

Jiya na kasa zama, na tafi shagon Koh Abun mai zinariya da ke bakin kasuwa, wanda tun mahaifinsa muke ciniki. Na ce masa ina da 'ya a Jakarta mai sayen zinariya duk wata da kati, nawa yake ganin ta tara? Ya tambaye ni ko adadin cif-cif yake zuwa, miliyan biyu, miliyan uku, babu 'yan kai. Na ce haka Pak Darmaji ya karanto. Sai ya cire tabarau ya ce in zauna.

Ya ce, "Bu Tum, zinariya ba ta zuwa cif-cif. Wannan ba saye ba ne, gestun ne."

Na sa ya maimaita kalmar har na iya. Ya ce a manyan birane akwai shagunan da za ka miƙa kati su goga kamar ka sayi sarƙa, a rubuta ka sayi sarƙa, amma tsabar kuɗi za su ƙirgo maka bayan sun cire nasu. Sarƙar tana nan a gilashi ba ta motsa ba. Ya ce masu yin haka galibi kuɗin wani katin suke zuwa biya da shi. Na ce to ina zinariyar? Ya ce babu. Na ce ko ƙwaya? Ya ce ko ƙura.

Nduk, sai a wurin na gane abin da na jawo. Na tuna abin da kika ce kina tsoro, na tuna abin da na ce wa mutumin nan da bakina. Na dawo gida ban sayi ko tempe, wainar waken soya, da na fita saya ba.

Abin da har yanzu ban gane ba, shi mai shagon me yake rubutawa a littafinsa, tunda sarƙar da ya sayar tana nan? Kuma sarƙa ɗaya sau nawa ake sayar da ita a rana? Na tambayi Koh Abun, ya ce shi bai taɓa yi ba, ba shi ma da na'urar. Wannan duk ba shi ne a gabana ba, kawai kaina ne ba ya iya barin abu. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne. Pak Darmaji ya zo ofishin?

Budhe


Jakarta, Yuli 2009

Budhe,

Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Na fara takarda sau da yawa ina yagawa, don abin da ke fitowa bai dace a aika wa babba ba.

Ya zo. Su biyu ne, da rana tsaka, falon cike da masu biyan kuɗin Umara. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya zauna a kujerar baƙi ya ce da muryar da kowa zai ji, shi ba zai tashi ba sai Mbak Wening ta fito da zinariyar da ta ɓoye, don Budhenta ta Purworejo ta tabbatar masa akwai, kuma Budhenta ba ta ƙarya. Na ce babu zinariya. Ya ce to cikin ku biyu wa zai yarda da ita, tsohuwar da ke tambayarsa ko ya karya, ko wadda ba ta ɗaukar waya? Wata hajiya ta mai da kuɗinta jaka ta fita. Suka dawo washegari, suka sake dawowa. Ƙarshen watan shugabarmu ta kira ni ta ce ba kora ba ce, amma in rubuta takardar ajiye aiki.

Abin da Koh Abun ya gaya miki haka yake. Ina goga katin farko in biya na biyu, wata mai zuwa in goga na biyu in biya na farko, mai shago yana yankar nasa kowane zuwa. Sarƙar da kike tambaya, na san ta, wata mai ɗan kifi ce a jiki. Ni kaɗai na saye ta ya fi sau goma, ban taɓa taɓa ta ba.

Yanzu na bar ɗakina na koma wajen wata ƙawata, ina kwana a tabarma. Na sayar da wayar da takalman. Ina neman aiki, amma duk inda na je sai sun kira tsohon wurin.

Kin yi ta tambaya me ya sa ke. Na so in ƙyale, amma tunda gaskiya ake yi yau, ga ta. A wani babban kanti aka tare ni, wani saurayi ya ce in na cike takarda zai ba ni lema kyauta, ana kuwa ruwa. Da muka zo gurbin ɗan'uwan da ba gida ɗaya ba, na ba shi lambar Baba ya ce ba a karɓar wayar hannu, sai wayar gida mai igiya. Duk danginmu ke kaɗai ke da ita. Lambar tana bayan wani tsohon katin gaisuwar Sallah da kika aiko wa Mama, ita ta rubuta ta a wurin, ina ajiye da shi a jaka saboda rubutunta na jiki. Shi ke nan dalilin. Ban ma san ko kina raye ba.

Ban riƙe ki ba, Budhe. Ni na ci bashin. Amma don Allah kada ki sake taimaka mini.

Wening


Purworejo, Agusta 2009

Nduk Wening,

Na gode wa Allah da kike lafiya. Azumi ya kusa, Allah ya kai mu. Gwiwa tana nan yadda take.

Ashe da wayar kike da zumunci, ba da ni ba. Ba zan ce bai yi mini zafi ba, ya yi. Na yini ina harararta, har na yi niyyar zuwa a yanke layin. Daga baya na tuna ni ma da ba ta yi ƙara ba, da har in mutu ban neme ki ba, ga ki marainiyar ƙanwata. Sai na ga ba ni da bakin magana, na goge mata ƙura na mayar da ƙyallenta.

Kin ce kada in sake taimaka miki. Ban taimaka miki ba, maganata na bi. Na ce wa mutum akwai zinariya, ya tafi ya faɗa a gaban mutane cewa Tumirah ba ta ƙarya. To dole a samu zinariya. Na kai wa Koh Abun awarwarona shida. Ya yi ta jan ƙafa, ya ce in ba da jingina kawai, na ce na ga abin da kuɗin ruwa ke yi, ya auna ya biya ni. Miliyan goma sha biyu da 'yan kai, kin ga ta gaske ba ta zuwa cif-cif.

Sannan na kira Pak Darmaji da kaina, karon farko da na kira Jakarta da kuɗina. Na ce masa ya ji kunya. Ya ce aikinsa ke nan, kuma ni na aike shi. Na ce haka ne, mu biyu muka yi, sai mu biyu mu gyara. Na tambaye shi, in mutum ya ce ba shi da shi, ya rasa aiki, amma ga wani abu a hannu, me banki ke yi? Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce ina da lokaci, ni 'yar fansho ce. A ƙarshe ya ce akwai ofishi a bankin, hawa na sama, inda ake zama a yi sulhu. A rufe katin, a tsayar da kuɗin ruwa, a yafe wani abu, sauran a raba wata-wata. Na ce me ya hana ka gaya mata tun farko? Ya ce ba ta taɓa ɗaukar waya ba, kuma shi kasonsa raguwa yake yi.

Ga yadda za a yi, in kin yarda. Kuɗin suna cikin takardar aike ta gidan waya da ke haɗe da wannan. Ki kashe ƙaramin katin gaba ɗaya. Ragowar ki hau da shi sama wajen masu babban, ki ajiye a tebur, kada ki tashi sai sun rubuta miki yarjejeniya da hatimi. Kada ki ba kowa ko sisi a hannu, har shi Darmajin. Katunan kuma kada ki yar, ki kawo mini in gani, ban taɓa riƙe irinsu ba.

Na ce ki kawo, don Koh Abun yana neman mai rubuta rasit da tsare gilashi, 'yarsa ta yi aure ta tafi Semarang. Albashin ba na Jakarta ba ne, amma nan babu kuɗin haya, shinkafa kuma akwai. Na leƙa ƙarƙashin teburinsa da kaina, babu na'urar gogawa. Ɗakin gaba babu kowa sai kyanwoyi, za su matsa.

Ba kyauta na ba ki ba, kada ki ji nauyi. Bashi ne, sai dai ni ba ni da wanda zan turo miki.

Budhenki


Jakarta, Satumba 2009

Budhe,

Barka da shan ruwa. Na karɓi kuɗin, na zauna a gidan waya na yi kuka har mai gadi ya kawo mini ruwa, ya manta ana azumi.

Na so in mayar miki. Na rubuta adireshin ma. Sai na ga in na mayar, awarwaron ba za su dawo hannunki ba, girman kaina kawai zan ciyar.

Na hau saman. Wata mata ce a wurin, ba ta ko ɗaga murya ba. Na yini, sun fita sun shiga, a ƙarshe suka tsayar da ruwan, suka yafe wani kaso, sauran zan biya dubu ɗari biyar duk wata har shekara biyu da rabi. Na sa sun buga hatimi a kowane shafi, matar ta ce wa ya koya mini, na ce wata 'yar gidan waya.

Zan taho da jirgin ƙasa kafin Sallah, in sauka a tashar Kutoarjo. Kayana jaka biyu ne da lema. Kada ki zo tarya da wannan gwiwar.

'Yarki,
Wening


Maris 2012, a ƙarƙashin murfin abinci

Budhe,

Na fita da wuri, Koh Abun yana ƙidayar kaya yau, na ga kina barci ban tashe ki ba. Na san za ki ce wace irin takarda ce babu kan sarki, ki yi haƙuri.

Jiya na biya na ƙarshe. Takardar shaidar kammalawa za ta zo daga Jakarta, na ba su adireshin nan.

Abin da ke cikin ƙyallen naki ne, ɗaya daga awarwaronki shida. Sauran biyar ɗin an saye su tun shekarar farko, ina tsaye ina rubuta rasit, ban gaya miki ba. Wannan mai lanƙwasar babu wanda ya so shi, duk wadda ta ɗauka sai ta ajiye, ni kuma ban taɓa cewa ana iya gyarawa ba. Tun bara nake ba Koh Abun kaɗan-kaɗan. Rasit ɗin yana ciki, da hannuna na rubuta, ki duba adadin, ba cif-cif ba ne. Saura biyar. Zinariya ta yi tsada, za ki yi haƙuri da ni.

Akwai geblek, soyayyen ƙullin rogon nan, a tukunya. Kada ki ba kyanwa.

Wening


A wurin da na samu taki

Nduk,

Gaisuwa, da fatan kin dawo lafiya. Na tafi karatun mata a masallaci, shi ya sa ba ki same ni ba.

Na sa shi. Ya yi mini yawa yanzu, hannun ya rame. Lanƙwasar nan ƙofar motar wasiƙu ce ta yi ta, shekarar da aka haife ki, kada ki bari Koh Abun ya taɓa ta.

Ɗazu da hantsi waya ta yi ƙara. Ba Darmaji ba ne, shi ya koma Tegal yana sayar da abinci, kin sani. Wata yarinya ce mai zaƙin murya daga banki, wai tana taya ki murna, kuma tunda kin nuna ke mai cika alkawari ce, suna so su ba ki sabon kati, har da kyautar tukunyar dafa shinkafa. Na tambaye ta irin tukunyar, da girmanta, da ko tana da aure. Sannan ta ce tana so ta tabbatar, ni ce Ibu Tumirah, 'yar'uwarki da ba gida ɗaya kuke ba?

Na ce mata a'a, ta yi kuskuren lamba. Nan gida ɗaya muke.

Ki ɗumama miyar, ina dawowa kafin magariba.

Budhenki